Harshe Biyu a Takarda Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Garwa.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
injin maƙwabci ya soma tari,
ni da kwamfuta muna kallon juna
kamar mai bashi da wanda ake bi.

Kawu Sajo busasshen kifi yake sayarwa,
na Lagdo, tarwaɗa da karfasa.
Ya ce, Tanimu, tunda ka yi karatun,
zuba min kifina a cikin waya,
mutanen Marwa su saya daga kwance.

Na zauna na rubuta masa.
Takarda ɗaya, harshe biyu.
Layukan sama na uwar garke ne,
wata na'ura a ƙasar da ban taɓa takawa ba,
a ɗaki mai sanyi, ba taga, ba ƙuda.
Ita ke riƙe da littafin kuɗi,
ita ta san kwando nawa ya rage.
Layukan ƙasa na wayar mai saye ne,
can za su farka, a tafin hannun baƙo,
su sauya launi, su ƙirga, su ce an gode.

A idona suna kwance kafaɗa da kafaɗa,
ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba.
Ashe ba su taɓa gaisawa ba.
Na sama ya gama, ya wanke hannu, ya wuce,
kafin na ƙasa ya buɗe ido,
kamar uban da ya bar wasiyya
ga ɗan da ke cikin ciki.
Ni kuwa na sa ɗan ya waiwaya
ya tambayi uban, nawa ne yau?
Shiru. Allo fari fat.
Kwana uku ina zagin waƙafi,
alhali waƙafi bai ci min komai ba.

Da na gaji sai na yi dabara irin ta rago:
na sauko da farashi ƙasa,
na ce waya ta yi lissafin da kanta,
ta aiko mana da jimla, mu karɓa.
Ya yi aiki! Na sha shayi har kofi uku.

Ran Laraba wani yaro a Marwa,
ban san sunansa ba, na san dai yana da ido,
ya ɗaga murfin abin da na dafa,
ya goge sifili biyu da ɗan yatsa.
Kwandon dubu talatin na sefa
ya hau mota a kan ɗari uku,
uwar garke ta buga hatimi, ta ce an biya.

Kawu bai ɗaga murya ba.
Ya gama ɓare goronsa tukuna.
Ya ce, shekara arba'in ina kasuwa,
mai saye ya taɓa, ya sunsuna, ya taya,
ya rantse da kakarsa in ya so,
amma sikeli a ɗakina yake kwana.

Ga ni nan yanzu ina kwashe kaya,
layi bayan layi ina mayarwa sama.
Waya ta riƙe ado da fara'a,
ta gaya wa mutum ya manta lambarsa.
Duk abin da ta kawo, a sake aunawa.

Manyan motoci sun fara hawa gadar Binuwai,
ladanin unguwa yana gyaran murya.
Yatsuna suna ƙarnin karfasa,
don da kifi Kawu ke biyan ladan aiki,
wannan watan ma ya zaftare rabi.

Yaron nan fa yana raina.
Ba kuɗin nake so ba, sun tafi.
So nake in ji ko miyar ta yi daɗi,
da kuma wanda ya koya masa duba ƙarƙashin murfi,
don ni malamina bai kai ni nan ba.